Zaɓen Tayar da Za Ta Daɗe a Ƙarƙashin Mota Mai Ƙarfin Gudu

Duk wanda ya mallaki mota mai ƙarfin gudu ya san cewa tayoyin da take zuwa da su daga kamfani ba sa jimawa. Tafiyar da a ƙaramar motar iyali ko rabin zanen taya ba za ta ci ba, a irin wannan mota sai a tarar ƙafafun baya sun fara suɗewa, daga nan kuma tunanin neman tayar da ta fi ƙarko ya shigo. Tunanin yana kan hanya, kuma ni ma ina ganin ba dole ba ne mutum ya riƙa sayen taya mafi laushi don kawai injin motarsa yana da ƙarfi. Sai dai ya kamata mai mota ya san abin da zai sadaukar kafin ya sami wannan ƙarko, ya kuma tabbatar cewa laifin na tayar ne ba na motar ba.

Dalilin saurin cinyewar yana cikin robar kanta. Roba mai laushi tana shiga ƙananan ramukan da ke fuskar kwalta tana mannewa, shi ya sa take kama titi a kwana da lokacin taka birki, amma kowace mannewa tana barin ɗan ɓarɓashinta a kan hanya. Idan aka taurara robar ƙarko zai ƙaru, riƙon hanya kuma ya ragu. Ƙari ga haka, masu ƙera tayar gudu sukan rage zurfin zanenta da gangan, domin zane mai zurfi yana lanƙwasawa idan an karya kwana da ƙarfi, direba ya ji sitiyari ya yi sako-sako. Ke nan tun daga ranar farko robar da za a ci ba ta kai ta tayar yau da kullum ba. Shigowar sinadarin silika cikin haɗin roba, wanda kamfanin Michelin ya fito da shi kasuwa a 1992, ya sassauta wannan ja-in-ja sosai, har tayoyin yanzu suka fi na da riƙo a jiƙaƙƙen titi ba tare da sun ƙare da wuri ba, amma bai kawar da shi gaba ɗaya ba.

Abin da yawancin masu saye ke fara dubawa shi ne lambar da ke gefen taya kusa da kalmar TREADWEAR. Lambar ta fito ne daga tsarin UTQG na ma'aikatar sufurin Amurka, inda ake gwada taya a kan wata hanya mai tsawon mil 400 a kusa da San Angelo da ke jihar Texas, ana zagayawa har a cika mil 7,200, wato kimanin kilomita 11,500, sannan a kwatanta cinyewarta da ta wata tayar gwaji. A ƙa'ida, taya mai lamba 400 za ta ninka mai lamba 200 daɗewa a wannan gwaji. Inda gizo ke saƙar shi ne, kamfanin da ya ƙera tayar shi ne ke ba ta lambar, doka kuma ta hana shi ƙara gishiri ne kawai, ba ta hana shi rubuta lambar da ta gaza abin da gwaji ya nuna ba. Haka nan daga ɗan abin da tayar ta ci a mil 7,200 ake ƙiyasta sauran rayuwarta. Saboda haka nake ɗaukar lambar a matsayin ma'auni mai amfani tsakanin tayoyin kamfani ɗaya, amma tsakanin kamfani da kamfani ba na ba bambancin 300 da 340 wani muhimmanci. Bambancin 200 da 500 kuwa magana ce ta gaske, domin yana nuna cewa tayoyin biyu ba ajinsu ɗaya ba.

Ajin shi ne ainihin abin da ake zaɓa. A can sama akwai tayoyin da aka yi domin filin tsere amma doka ta yarda a hau titi da su, irin su Bridgestone Potenza RE-71RS mai lamba 200, waɗanda sayensu domin zirga-zirgar yau da kullum asara ce tsagwaronta. Ƙasa da su akwai tayoyin zafi, wato waɗanda aka yi domin lokacin zafi, masu babban riƙo, irin su Michelin Pilot Sport 4S mai lamba 300, kuma daga wannan aji ne yawancin motocin gudu ke samun tayoyinsu na asali. Sai kuma tayoyin gudu na kowane yanayi, irin su Michelin Pilot Sport All Season 4 mai lamba 540 da Continental ExtremeContact DWS06 Plus mai lamba 560. Garantin da kamfanonin ke bayarwa a kasuwar Amurka yana bin wannan jeri: mil 30,000 ga Pilot Sport 4S, mil 45,000 ga All Season 4, mil 50,000 ga DWS06 Plus.

Ra'ayina shi ne a sauka mataki ɗaya kawai daga ajin da motar ta zo da shi. Wanda motarsa ta zo da tayar zafi, kuma tuƙinsa bai wuce zuwa aiki da tafiyar babbar hanya ba, zai iya komawa tayar gudu ta kowane yanayi ya sami ƙarin nisa mai yawa, abin da zai rasa kuwa shi ne ɗan kaifin sitiyari da wani abu na tazarar birki a busasshen titi mai zafi. Idan yana zaune a inda sanyi ke sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas, canjin ma riba ce ta fuska biyu, domin robar tayar zafi tana daskarewa a irin wannan sanyi ta daina kama hanya yadda ya kamata. Abin da ba na goyon baya shi ne tsallake mataki biyu ko uku zuwa tattaurar tayar da aka yi wa motar iyali don an ga lamba 700 ko 800 a jikinta. Birkin motar gudu, da na'urar ABS mai hana ƙafafu kullewa lokacin taka birki, da na'urar hana zamewa, duk an saita su ne bisa wani mizani na riƙon taya, kuma komai girman birki, tayar ce ke tsayar da mota.

A kan garantin nan akwai sharaɗin da ba kowa ke karantawa ba. Motocin gudu da yawa tayoyinsu na baya sun fi na gaba faɗi, don haka ba a iya musanya gaba da baya kamar yadda ake yi a kowace kilomita 8,000 zuwa 10,000 a sauran motoci. A irin wannan hali kamfanoni kamar Michelin sukan rage garantin tayoyin baya zuwa rabi. Idan kuma zanen tayar mai bin hanya ɗaya ne, wanda ake ganin kibiya a gefensa, ko musanya hagu da dama ba ta yiwuwa sai an cire tayar daga wili. Domin haka, ga motar da ƙafafunta ba girmansu ɗaya ba, na fi son tayar da aka rubuta wa gefen ciki da gefen waje, saboda ita ana iya mayar da ta dama zuwa hagu da wilinta.

Kafin a kai ga duk wannan, tsohuwar tayar da za a cire tana da bayanin da ya kamata a saurara. Idan gefen ciki ne kaɗai ya cinye alhali sauran zanen yana nan, ƙafar tana tsaye ne a karkace, samanta ya sunkuya zuwa cikin mota. Motocin gudu da gangan ake yi musu wannan karkata domin taya ta zauna daram a kwana, kuma ita kaɗai ba ta cika yin ɓarna mai yawa ba. Wadda ta fi cin taya ita ce karkatar bakin ƙafa zuwa ciki ko waje, domin ita tana sa a riƙa jan tayar a kaikaice a duk tsawon tafiya. Lissafi kawai ya isa ya nuna girman abin: ƙafar da ta kauce da digiri 0.2 ana goga ta gefe kimanin mita 3.5 a kowace kilomita guda. Alamarta ita ce idan aka shafa zanen da tafin hannu, ta ɓangare ɗaya a ji sumul, ta ɗaya ɓangaren a ji kaifi kamar haƙoran zarto. Idan karkatun biyu suka haɗu, gefen ciki yana iya cinyewa har ya kai ga wayar da ke cikin taya alhali wanda ya tsaya a gefen motar yana ganin taya lafiya lau. Cinyewa a gefe biyu tare alamar ƙarancin iska ce, cinyewa a tsakiya alamar iska ta yi yawa, zanen da ya yi tudu da kwari kuma yakan nuna shakazoba ta mutu ko balansin ya ɓaci. Wanda ya ɗora sabuwar taya mai lamba 560 a kan ƙafar da alaimen ɗinta ya kauce zai ga ta cinye a daidai wurin da tsohuwar ta cinye, ƙila ma ya zargi kamfanin. A ganina a yi alaimen na ƙafa huɗu a ranar da aka sa tayoyin, a karɓi takardar awon, a kuma nemi makanike ya kusantar da bakin ƙafafun zuwa miƙe gwargwadon iyakar da kamfanin motar ya yarda, idan dai ba filin tsere ake zuwa ba.

Batun iska gajere ne. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a murfin tankin mai, wanda ke gefen taya kuwa iyakar abin da za ta iya ɗauka ne. A auna da geji tun taya tana da sanyi, a kuma tuna cewa iskar tana sauka ko hawa kimanin psi 1 a kowane sauyin digiri 5 zuwa 6 na yanayi. Taya mai gajeren gefe, irin mai lambar tsayin gefe 35 ko 40, ba ta nuna wa ido cewa ta rage iska sai abin ya yi nisa.

Akwai kuma abubuwan da ba na yarda a yi ciniki a kansu ko don ƙarko. A rubutu irin 245/40R18 97Y, lamba 245 faɗin taya ce da milimita, 40 tsayin gefenta ne a matsayin kashi cikin ɗari na faɗin, 18 girman wili ne da inci, 97 na nufin tana ɗaukar kilogiram 730, harafin Y kuma na nufin an yi ta don gudun da ya kai kilomita 300 a awa. Harafin W na kilomita 270 ne, V na 240, H kuma na 210. Wani zai ce ai shi ba ya gudun 270, to me zai yi da W? Amsar ita ce harafin yana nuna yadda ginin tayar ke jure zafi, kuma tayar da aka gina don wannan mataki yawanci gefenta ya fi ƙarfi, abin da ake ji a sitiyari ko a gudun 100. Lambar nauyi ba a sauka ƙasa da wadda kamfanin motar ya rubuta, kuma idan an rubuta XL, wato taya mai ƙarin ƙarfin ɗaukar nauyi, XL ɗin za a saya. Wasu kamfanonin mota suna da tayoyin da aka haɗa musu na musamman, ana gane su da alama a gefe: harafin N da lamba ga Porsche, tauraro ga BMW, MO ga Mercedes, AO ga Audi. Barin waɗannan ba haramun ba ne, sai dai a duba littafin motar tukuna, musamman idan tana ja da ƙafa huɗu, inda bambancin zurfin zane tsakanin gaba da baya ke iya wahalar da na'urar raba ƙarfi.

Idan an rage zaɓi zuwa taya biyu ko uku, riƙo a jiƙaƙƙen titi shi ne nake barin ya yanke hukunci. Takardar da Tarayyar Turai ta wajabta liƙawa tun 2012, wadda aka sabunta a 2021, tana ba da daraja daga A zuwa E a kan birki cikin ruwa, ko da yake ba ta cewa komai game da daɗewar taya. A tsarin Amurka kuwa darajar riƙo tana farawa daga AA zuwa A da B da C, ita ma a jiƙaƙƙen wuri ake gwada ta, a miƙe ba a kwana ba. Ga motar gudu ba zan sauka ƙasa da B a takardar Turai ba, a darajar jure zafi ta Amurka kuma, wadda ke gefen taya kusa da kalmar TEMPERATURE, sai A.

Tayar da ta fi ƙarko tana kawo wata tambaya da mai tayar laushi bai cika fuskanta ba, wato shekaru. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, misali 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Roba tana taurara da tsufa ko ba a hau ta ba, shi ya sa kamfanonin mota da dama ke cewa a canza bayan shekara 6, Michelin kuma ke cewa a riƙa dubawa duk shekara bayan shekara 5, kada a wuce 10. Motar da ake fitar da ita jefi-jefi tana iya kai wannan wa'adi da rabin zanenta a jiki, mai ita kuwa ya rage wa kansa riƙon hanya ne domin nisan da ba zai taɓa cinyewa ba. Irin wannan mota na fi ganin a bar ta da tayarta ta zafi. Wanda ke cin dogon nisa a shekara shi ne zai ci moriyar sauka aji, shi ma kada ya jira zanen ya kai milimita 1.6 da dokar ƙasashe da yawa ta sa a matsayin iyaka, domin taya mai faɗi tana fara hawa kan ruwa tun zanenta yana wajen milimita 3.