Kyanwar da na riƙa a Mamobi

A wani dare cikin watan Yuni, lokacin da damina take kan ganiyarta a Accra, ina dawowa daga sallar isha'i na ji wani siririn kuka daga ƙarƙashin teburin mai sayar da koko da ke ƙofar gidanmu a Mamobi. Da na haska fitilar waya sai na ga 'yar kyanwa ce wadda ba ta cika tafin hannu biyu ba, gashinta ya manne da jikinta saboda jiƙewa, idonta na hagu kuma ya liƙe da kwantsa. Duk wanda ya zauna a wannan unguwa ya san yadda ruwa yake gangarowa da ƙarfi zuwa babbar kwatar da ke tsakanin Nima da Mamobi, saboda haka ban yi shakka ba cewa idan na wuce na bar ta, da wuya ta ga safiya. Na naɗe ta a cikin tawul na shiga da ita ɗaki.

Sai da gari ya waye na fara tunanin abin da na ɗauko wa kaina. Ni mutumin Kano ne, aiki na shekara biyu ya kawo ni Ghana, kuma a lokacin wata takwas kacal suka rage mini. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kuma wanda yake zaune a ɗakin haya guda, jakarsa a kan sif tana jiran ranar tafiya, bai kamata ya yi wa wani rai alkawarin zama na dindindin ba, tunda kyanwar da ake kula da ita takan haura shekara goma a raye. Abin da ya warware mini matsalar shi ne al'adar riƙo da na tashi a cikinta, domin ni kaina a hannun goggona na yi shekarun firamare. Mai riƙo yana ciyarwa, yana jinya, yana tarbiyya, alhali ya san tun ranar farko cewa amana ce aka damƙa masa, kuma wata rana zai miƙa ta. Da wannan niyya na karɓi kyanwar.

Na fara da neman izinin Hajiya mai gidan, dattijuwar da kowa a gidan yake kira Mma. Ta leƙa cikin kwalin ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta ce, "Ɗana, ka ajiye ta, amma kada ka kulle ta ka fita ba ci ba sha. Ka san hadisin matar nan." Na ce, "Na sani, Mma." Tana nufin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Na sha jin wannan hadisi a wa'azi, amma bai taɓa yi mini nauyi ba kamar safiyar da zan tafi aiki da makullin ɗaki a hannuna.

Kuskurena na farko shi ne madarar gwangwani da na dama mata da ruwan ɗumi, ina ganin gata nake yi mata. Kafin kwana biyu gudawa ta kama ta har ta kasa tsayuwa da ƙafafunta. Likitan dabbobin da na kai ta wurinsa ya bayyana mini cewa cikin yawancin kyanwoyi ba ya narkar da madarar shanu yadda ya kamata, kuma ga jaririya irin wannan gudawa kaɗai tana iya kashe ta. Ya gargaɗe ni da kakkausar murya a kan farasitamol, wanda wani maƙwabci ya ba ni shawarar in ɓallo mata kaɗan, domin guba ne ga kyanwa ko da ɗan mitsitsi ne. Haka albasa da tafarnuwa, waɗanda ba a raba su da miyarmu, suna lalata mata jini, don haka ragowar tuwo da miya ba abincinta ba ne. Ya ba ta maganin tsutsar ciki da na ƙuma da na ido, ya ce in dawo da ita idan ta kai mako 12 a yi mata rigakafin ciwon haukan kare, wanda kyanwa ma tana ɗauka kuma tana iya sa wa mutum ta hanyar cizo. Sidin, wato kuɗin Ghana, da na kashe a wannan wata ya taɓa abin da nake aikawa gida, kuma ban ɓoye wa iyalina dalili ba.

Bayan mako uku idon ya buɗe. Na cika wata roba mai faɗi da yashi na ajiye a bayan ƙofa, kuma ba tare da na koya mata ba ta gane amfaninsa. Da asuba, idan na tsuguna alwala, sai ta zo ta zauna a gefen buta tana bin ɗigon ruwa da ido, tana kai masa hannu ɗaya a hankali, sa'an nan ta girgiza hannun ta lashe. Idan na idar da salla na kan same ta a dunƙule a gefen darduma, inda ɗumin jikina ya rage. Mutumin da ya yi wata goma sha shida yana buɗe ƙofa ba mai tarbarsa shi ne zai fahimci abin da wannan ya zame mini, kuma a nan ne niyyata ta fara rauni.

Na yi tunanin tafiya da ita Kano. Ta mota sai an bi Aflao, a ratsa Togo da Benin, a shiga Najeriya ta Seme, sa'an nan a kama doguwar hanya daga Legas zuwa arewa, ga takardun lafiyar dabba da ake buƙata a kan iyaka, ga zafi da ƙishi a cikin kwando. Da na auna sai na ga son zuciyata nake bi, ba maslaharta ba.

Neman wanda zai karɓe ta ya fi jinyarta wahala. A wasu sassan Ghana ana cin naman kyanwa, har ana yi masa laƙabi da Joseph, saboda haka ban yarda in ba duk wanda ya miƙo hannu ba. Mutum biyu na mayar, ɗaya don ya ce zai ɗaure ta a shago saboda ɓeraye. Kafin nan, bayan na tambayi malamin masallacinmu ya ce babu laifi idan don kauce wa cutarwa ne, na sa an yi mata aikin hana haihuwa, domin kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikin kuma kwana sittin da 'yan kai ne kawai.

Mma ce ta samo mafita. Ƙanwarta tana sayar da hatsi a kasuwar Nima, tana da tsakar gida da jikoki, kuma tsohuwar kyanwarta ta mutu bara. Na je gidan sau biyu kafin in amince. Ranar da na kai ta, na haɗa da robar yashinta da katin rigakafinta da tawul ɗin nan na daren farko. Ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa, ni kuma na zauna a kan tabarma har la'asar. Da na tashi tafiya, matar ta rako ni bakin ƙofa ta ce, "Ɗana, ka zo ranar Juma'a ka gan ta." Saura mini Juma'a shida a Accra.