Keken kaya, firiza da layin biya: ladabin sayayya a babban kanti

Duk wanda ya taɓa aiki a babban kanti ya san wannan. Ana zagayen gyara kantoci sai a tarar da ƙunshin kaza mai ƙanƙara a bayan kwalayen sabulu, ko robar madara a kwance cikin tawul. Wani ne ya ɗauko, ya yi nisa, ya fasa saya, ya ga komawa wurin firiza wahala ce, sai ya cusa inda hannunsa ya kai. A ganinsa bai yi laifi ba tunda bai fita da komai ba. Amma kazar nan ta riga ta tashi daga aiki.

Ga dalili. Firizar kanti tana riƙe kaya a kusan digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, firij kuma a digiri 5 ko ƙasa da haka. Tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke samun yadda suke so, har wasunsu kan ninka yawansu cikin minti 20. Shi ya sa ƙa'idar masu kula da lafiyar abinci ta ce nama, kifi da madara kada su wuce awa biyu a waje, in kuwa zafi ya haura digiri 32, awa ɗaya. Ma'aikacin da ya tsinci kazar bai san ko minti goma ta yi a wurin ko awa uku ba, don haka in yana bin ƙa'ida, shara zai kai ta. In kuma aka yi rashin sa'a ya mayar da ita firiza, abin ya fi muni, domin wani zai saya ya kai wa iyalinsa naman da ya narke ya sake daskarewa. Asarar da kanti ya yi kuwa ba ta ɓacewa a iska, cikin farashin sauran kaya take komawa. Maganin bai kai minti ɗaya ba: in ka fasa, miƙa wa kashiya ko duk ma'aikacin da ka gani, ka ce, "Don Allah na fasa wannan, daga firiza na ɗauko." Gara ma tun farko ka bar kayan sanyi su zama na ƙarshe da za ka ɗauka kafin ka shiga layi.

Na fara da wannan ne domin a nan ake gane mene ne ladabi a babban kanti. A da, mai saye tsayawa yake gaban kanta ya faɗi abin da yake so, mai shago ya ɗauko, ya auna, ya ƙunshe. A 1916 Clarence Saunders ya buɗe kantin Piggly Wiggly a birnin Memphis na Amurka, inda mutum ke shiga ya ɗebi kaya da hannunsa. A 1937 kuma Sylvan Goldman ya fito da keken tura kaya a kantunansa na Oklahoma. Tun daga nan wani kaso na aikin mai shago ya dawo hannun mai saye: shi ke ɗauka, shi ke dakon kaya, shi ke mayarwa. Yawancin abin da muke kira rashin ladabi a kanti, in aka duba, wannan aikin ne mutum ya karɓa ya yi shi rabi da rabi, ya bar wa na bayansa sauran.

Ɗauki keken kansa. Lungun da ke tsakanin kantoci yawanci an yi shi ne daidai yadda keke biyu za su gifta juna. Da zarar ka tsayar da naka a karkace ko a tsakiya, ka toshe hanya gaba ɗaya. Jingina shi a tsaye da gefe ɗaya, kuma kada ya zama daura da keken wani ko tarin kayan talla da aka girke a hanya. Kai ma ka tsaya a gefen da kekenka yake, domin mai ajiye keke a dama ya tsaya karanta kwali a hagu shi ma ya rufe lungun. Bakin lungu kamar mahaɗar titi yake, ba ka ganin mai zuwa, sai a rage gudu a leƙa. A bar tazarar taku ɗaya ko biyu tsakanin keke da wanda ke gaba, saboda ƙarfen ƙasan keke daidai agara yake bugun mutum, kuma ga tsoho wannan bugun kan iya kai shi ƙasa. In keken wani ya tare maka, "gafara dai" ta wadatar. Kada ka kama ka ture ba tare da magana ba, sau da yawa jaka ko waya na ciki, wani lokaci ma yaro. Haɗuwa da ɗan uwa ko tsohon aboki a kanti abin farin ciki ne, a gaisa sosai, amma a ja gefe zuwa inda ke da fili.

Zancen yara yana buƙatar adalci ta ɓangare biyu. Kujerar da ke jikin keke tana da iyakar nauyi da ake rubutawa a jikinta, galibi kusan kilo 15, kuma in akwai bel a ɗaura. Yaron da ke tsaye cikin kwandon keke ko ya maƙale a gefensa yana iya kifar da shi, kuma da ka yake sauka a daɓe mai tauri. Ban da haka, inda takalminsa ya taka nan wani zai ajiye abincinsa. Wannan hakkin iyaye ne. Amma jaririn da ke tsala kuka ba rashin tarbiyya ba ne, kuma mai yi wa uwar tsaki ko harara shi ne ya yi abin kunya. In kana gabanta a layi, ba ta wuri ta wuce.

Wajen kayan lambu da 'ya'yan itace, hannu ne ke ɓarna. Danna tumatir ko ayaba da babban yatsa yana fasa naman ciki, tabon ba ya fitowa nan take sai bayan sa'o'i, lokacin mai dannawa ya daɗe da tafiya. A duba da ido, a ɗaga a tafin hannu a ji nauyi. Burodin da ba a ƙunshe ba, da abin ɗauka da aka ajiye ake ɗaukarsa. Buɗe kwalin ƙwai don a ga ko akwai fasasshe daidai ne, amma musanya ƙananan da manya daga wani kwali ba daidai ba ne. Abin da ake sayarwa da awo ba a cinsa kafin a auna, domin wanda ya shiga ciki ba zai hau sikeli ba. Ɓare hatimin man shafawa ko turare don a sunsuna a mayar, shi ma kashe kaya ne, babu mai sayen abin da aka buɗe.

Akwai wani abu da ake gardama a kai: zura hannu can baya don ɗauko mai dogon wa'adi. Ma'aikata suna jera tsohon kaya a gaba, sabo a baya, don na farkon zuwa ya fara fita. Ni ban ga laifin mai ɗaukar na baya ba in zai ajiye kayan kwanaki, muddin bai rushe jerin ya tafi ba. Amma madarar da za a shanye yau ko gobe, ɗaukar ta gaba ya fi, don ita ce za ta ƙare a shara in kowa ya tsallake ta. Ƙofar firiza kuma da gilashi aka yi ta don a zaɓa kafin a buɗe. In ta daɗe a buɗe, sanyi ya fita, gilashin ya yi hazo, na bayanka ba zai ga komai ba. Ɗanyen nama a sa shi a leda ta daban, saboda ruwansa na ɗiga a keke da teburin biya, inda wani zai ɗora abin da za a ci ba dafawa.

Layin biya ne inda rai ya fi ɓaci, domin a nan kowa ya gaji, kuma kowa na ganin abin da ake yi masa. Layin gaggawa da aka rubuta kaya 10 ko ƙasa da haka, don mai kaya kaɗan aka yi shi. Mai shiga da 25 ya san abin da yake yi, yana dogara ne da cewa kashiya ba za ta so rigima ba. Haka mai ajiye keke a layi ya koma ɗebo kaya, ko wanda ya tsaya hannu rabbana sai an zo kansa abokin tafiyarsa ya ɓullo da keke maƙil. Mutane suna zaɓar layi ne da abin da idonsu ya gani a gabansu, wannan kuwa yaudararsu ce. Mantuwar abu ɗaya daban take: ka gaya wa na bayanka, ka yi sauri, in an zo kanka ba ka dawo ba ya wuce.

In aka buɗe sabon teburin biya, hakkin na gaba-gaba ne a layin da ake ciki, wanda ya fi daɗewa a tsaye. Na can ƙarshe ya fi samun sarari ya ruga, shi ya sa yake yawan riga kowa, amma sauƙin rugawa bai ba shi gaskiya ba. Sai kuma batun ba wani wuri, wanda mutane masu kyakkyawar niyya ke kuskure a kai. In wanda ke bayanka kai tsaye yana riƙe da abu ɗaya ka ce ya wuce, kai kaɗai ka yi jira, sauran ba su rasa komai ba. In kuwa daga wajen layi ka shigo da wani gabanka, duk mutanen da ke bayanka ka ƙara wa jira, ka yi kyauta da abin da ba naka kaɗai ba. A irin wannan sai a waiwaya a nemi yardarsu. Tsoho, mai juna biyu da mai lalura, da wuya a samu wanda zai ƙi.

Lokacin da ake ɓatawa a wurin biya ba duka wajen karanta kaya yake tafiya ba, kowane kaya daƙiƙa kaɗan ne. Wajen laluben kati a ƙasan jaka, neman canji, da komawa auna abin da aka manta ba a auna ba, nan yake tafiya. Fito da abin biyanka tun kana jira. Jera kaya yadda za su shiga jaka: gwangwani da kwalabe masu nauyi a fara, kayan sanyi wuri ɗaya, sabulu da maganin wanki nesa da abinci, ƙwai da burodi a ƙarshe. In akwai sandar da ake sawa a teburin biya don raba kayan mutum da na wani, sa ta bayan naka. Wanda ke biya a ba shi fili, musamman lokacin da yake danna lambar sirrinsa.

Kashiya kuma mutum ce. A amsa gaisuwarta, a ajiye waya har a gama, a miƙa kuɗi a hannu maimakon a watsa a tebur. Tun da aka fara karanta zanen layukan nan na jikin kaya da na'ura, a wani kanti a garin Troy na jihar Ohio a 1974, farashi ya koma cikin kwamfuta. Kashiya ba ita ta sa shi ba, kuma a yawancin kantuna ba ta da ikon canza shi sai babbanta ya zo. Don haka in farashin da ya fito ya saɓa wa wanda aka rubuta a inda ka ɗauko kayan, ɗaga murya a kanta ba ya rage ko kwabo. Ka ce a duba, ka nemi mai kula da sashen. Kafin nan ma ka tabbata sunan kaya da girmansa sun yi daidai da takardar farashin, domin sau da yawa wani mai saye ne ya ajiye babban kwali a gurbin ƙarami. Rasit a duba shi kafin a bar kanti, amma bayan an matsa daga bakin tebur.

To in kai aka yi wa fa? Fara da kyautata zato, don wani da gaske bai ga inda layi ya fara ba. Magana ɗaya cikin sanyin murya, "Malam, daga can baya layin ya fara," tana warware mafi yawa, saboda ta bar wa mutum ƙofar janyewa ba tare da ya ji kunya ba. In ya ƙi, a bar wa ma'aikata, aikinsu ne. Zagi da ɗaga waya ana ɗaukar bidiyo ƙara tsayar da layin kawai suke yi. In kuma kwalba ta suɓuce maka ta fashe, kada ka sulale. Tsaya a wurin ka kira ma'aikaci, domin mai ko ruwa a kan daɓen kanti ba ya ganuwa sai an taka.

Saura keke bayan an sauke kaya a mota. Ƙafafunsa huɗu ne kuma yawanci ba shi da birki, iska ko ɗan gangare ya isa ya tura shi ya daki motar wani, ko ya tsaya a gurbin da aka keɓe wa naƙasassu. Wasu kantuna sun sa wa kekunansu makulli, sai ka saka tsabar kuɗi zai buɗe, ba za ka karɓi abinka ba sai ka mayar. Inda babu makulli, kai shi ma'ajiyarsa, ka kwashe leda da takardun da ka bari a ciki, ka tura shi ya shige cikin na gabansa sosai, don mai tattarawa ya iya jan jerin gaba ɗaya.