Ranar da manhajata ta ce duk bim ɗin sun ci jarrabawa

Shekara huɗu ina amfani da wata ƙaramar manhaja da na rubuta da Python, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta, don auna yadda bim na ƙarfe, wato dogon ƙarfen da ake gittawa ya ɗauki nauyin gini, zai lotsa idan an ɗora masa nauyi. Ina ba ta tsawon bim da nauyin da ke kansa da girman ƙarfen, ita kuma ta fito min da lotsawar a milimita, ta gaya min ko ta wuce iyaka. A tsohuwar kwamfutata mai Linux ba ta taɓa ba ni matsala ba. Da kwamfutar ta tsufa na koma wata sabuwa mai Windows, na ɗauka aikin minti talatin ne. Kwana biyu ya ci min.

Na fara da sauke Python 3.13, wanda ya fito a watan Oktoba na 2024, sannan na sa pip, mai girka ƙunshe-ƙunshen manhaja na Python, ya jawo min NumPy, ƙunshin da ke yi wa manhajata lissafi. Ya kawo siga ta 2, wadda aka saki tun Yunin 2024. Ina kunna manhajar sai ta tsaya cak, da saƙon cewa wani ƙunshin da nake dogara da shi wajen karanta fayilolin awo an haɗa shi ne da NumPy na 1, ba zai yi aiki da na 2 ba. Saƙon a fili yake, maganin ma a fili: in koma siga ta 1.26. Sai dai 1.26 tana tafiya ne da Python 3.9 zuwa 3.12, don haka dole na ƙara girka 3.12 a gefe.

Nan na faɗa cikin abin da duk mai Python biyu a kwamfuta ɗaya ya sani. In girka ƙunshi, pip ya ce an gama, in kunna manhaja ta ce ba ta gan shi ba. Ashe pip yana zuba kaya a gidan 3.13, ni kuwa da 3.12 nake aiki. Da na daina kiran pip shi kaɗai na koma rubuta py -3.12 -m pip, sannan na buɗe wa aikin keɓantaccen muhallinsa da venv, kayan aikin Python da ke ware wa kowane aiki nasa ƙunshe-ƙunshen, rikicin ya kwanta. Manhajar ta tashi, babu jan rubutu ko ɗaya, ta fitar da tebur mai kyau.

A teburin nan ne hankalina ya tashi. Bim goma sha biyu na ba ta, dukansu ta ce sun wuce lafiya. A cikinsu akwai wani siriri mai tsawon mita 6 da na san sarai ya faɗi a lissafin baya, domin ni na ba da shawarar a canza shi. Na duba layin lotsawa, na ga -0.00. Ƙarfe mai ɗauke da nauyi ba ya ƙin lotsawa, balle ya lotsa sama.

Na ɗauko kalkuleta da takarda. Ƙa'idar bim mai matokari biyu da nauyi shimfiɗe a kansa sananniya ce: 5wL⁴ a raba da 384EI, inda w shi ne nauyin, L tsawon bim, E taurin ƙarfen, I kuma awon girma da siffar jikin bim ɗin. Na gwada da tsawon mita 6, nauyin Newton 10 a kowace milimita, E na ƙarfe 200,000, I kuma 100,000,000, hannu ya ba ni kusan milimita 8.4. Manhajar ta dage a kan sifili. Sai na sa ta riƙa buga kowane mataki, kuma a kan L⁴ abin ya bayyana. Mita 6 milimita 6000 ce, idan ka ninka ta a kanta sau huɗu za ka samu 1,296,000,000,000,000. Abin da ta buga min shi ne -2,086,600,704.

Dalilin ya tsaya min a rai har yau. Na shigar da tsawon bim ɗin a matsayin lambobi marasa ɗigo. A Linux, NumPy yana ajiye irin waɗannan lambobi a mazubi mai bit 64 (bit shi ne ma'aunin girman mazubin), wanda lambar nan ba ta ko kusa cika shi ba. A Windows kuwa, kafin siga ta 2, mazubin bit 32 ne, iyakarsa 2,147,483,647. Lambar da ta fi ƙarfin mazubi ba ta tsayar da aiki a cikin jerin lambobi na NumPy, zagayowa take yi ta fito a wata lamba dabam, shiru, ba gargaɗi. Wannan a rubuce yake cikin bayanan NumPy, kuma siga ta 2 ta mayar da Windows kan bit 64. Ke nan komawar da na yi baya don kashe matsala mai ihu ita ta buɗe min ƙofar matsala marar murya. Raunin yana cikin rubutuna tun ranar farko, tsohuwar kwamfutar ce ta rufa masa asiri.

Gyaran layi ɗaya ne: na tilasta wa duk awon da ke shigowa ya zama lamba mai ɗigo ta float64. Abin da ya fi ɗaukar min lokaci shi ne tunanin da ya biyo baya. Da siririn bim ɗin nan ba ya cikin jerin, da me zai sa in yi shakka? Tebur ya fito tsaf, kowane layi na cewa lafiya, kuma a kan irin wannan teburin ake yanke girman ƙarfen da mutane za su zauna a ƙarƙashinsa. Saƙon kuskure na farko da ya ɓata min rai, yanzu ina ganinsa a matsayin alheri, tun da ya hana ni wucewa.

Tun daga ranar na ajiye bim uku da na lissafa da hannu, ɗaya gajere, ɗaya dogo, ɗaya wanda dole ya faɗi. Manhajar tana fara gwada kanta da su duk lokacin da aka kunna ta, idan amsa ta kauce ko da kaɗan sai ta ƙi ci gaba. Na kuma sa ta ƙi karɓar lotsawa mai alamar ragi. Sigar kowane ƙunshi na fitar da ita da pip freeze na adana kusa da manhajar, tare da sigar Python da sunan tsarin kwamfutar da na gwada a kai, wanda a da ban taɓa tunanin rubutawa ba.

Bayan wata biyu masu ƙunshin karanta fayilolin suka fitar da sigar da ke aiki da NumPy na 2. Na buɗe sabon muhalli ban taɓa tsohon ba, na girka komai a ciki, na kunna gwajin. Bim na farko da na biyu suka dace da takardata, na uku ya faɗi kamar yadda ya kamata, sannan na goge tsohon muhallin.