Alhamis: Baba da na'urar rage iska

Kuran ya ɗauke tun da hantsi, don haka aikin gashin ƙashi da motsa jiki na yau duk da hannu muka yi shi. Wajen ƙarfe goma dattijon nan na Bagalam ya shigo, wanda zazzaɓi ya kwantar bayan damina har ƙafafunsa suka saki, ga tsohon ciwon gwiwa. Bai ko zauna ba ya miƙo mini waya.

"Ɗiyata, duba abin da babban yarona ya turo daga Faransa. Wai zai saya mini."

Bidiyo ne na tsofaffin Turawa suna takawa a hankali kan injin tafiya, kowa da takunkumi a fuska, tiyo ya zarce cikin wata na'ura. Baba ya ɗauka ƙara musu iska ake yi, irin ta masu asma. Na ce a'a Baba, rage musu ake yi. Ya ture hula baya ya dube ni. "A rage wa tsoho numfashi? Da gangan?"

Sai da na ja kujera. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ne. Na'urar tana tace ta har ya sauko wajen kashi 15, kwatankwacin abin da jiki zai samu a tsaunin da ya kusa mita 3,000. Mu a Nijar ba mu da irin wannan tudu, ko ƙololuwar Bagzan a Ayar mita 2,022 ce. Da jiki ya ji oksijin ya yi ƙasa, numfashi zai ƙaru, zuciya ta ƙara bugu. In mutum ya daɗe a haka, ƙoda ta saki wani sinadari da ake kira EPO, shi kuma ya sa ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Masu tsere sun riƙe dabarar atisaye a kan tudu tun gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meziko mai tudu, shi ya sa har yau ake tururuwa zuwa Iten, wani gari a kan tudu a Kenya. Masanan nan uku da suka gano yadda ƙwayoyin jiki ke jin ƙarancin oksijin kuwa, su aka ba kyautar Nobel a 2019.

Abin da ya burge ni a wajen tsofaffi shi ne lissafin gwiwa. Zuciyar Baba tana son aiki, gwiwarsa ba ta yarda ya yi sauri. A iskar da aka rage, tafiyar sannu sai ta sa zuciya aiki kamar ana sauri, ba tare da an ƙara wa gaɓoɓi nauyi ba. Hikima ce ta gaske. Sai dai binciken da aka yi kan dattawa bai nuna ƙarara cewa ta fi motsa jiki na yau da kullum ba, kuma inda ake yin ta, lokotoro ya riga ya auna zuciya da huhu, ana kallon awo minti bayan minti. Wannan ɓangaren ne bidiyo bai nuna ba.

Na maƙala masa ɗan ma'aunin oksijin a yatsa: 96. Ya kama ƙarafan dogarawa ya je ya dawo, yana haki, awo ya sauka 93, zuciya na dukan 112. Na ja fatar idonsa ƙasa, cikin fari fat. Jini bai dawo ba tun zazzaɓin nan. Ga tansiyo da yake shan magani wata rana, ya manta wata rana. Na kuma tambayi ko akwai sikila a gidan, don mai sikila ƙarancin oksijin ke lanƙwasa masa ƙwayoyin jini su toshe jijiyoyi, kuma ciwon ba baƙo ba ne a nan. Ya ce jikarsa ɗaya tana da ita.

"Baba, kada ana kukan targaɗe mu jawo karaya. A fara auna jini."

Ya yi dariya, ya ce dama shi takunkumin bai kwanta masa ba.

Bayan magariba babban ɗan ya turo saƙon murya, da alama ya ɗan ji ba daɗi, yana tambaya to me zai aiko. Na ce ma'aunin tansiyo na gida, da na oksijin na yatsa, da takalmi rufaffe mai ƙasan roba, don silifas ɗin Baba sun sule, da su ya kusa zamewa ɗazu. Litinin Baba zai dawo da takardar awon jinin, daga nan in san ko za mu fara tashi-zauna daga kujera.