Dawaki biyu sun shigo, na uku ya zo na huɗu

Na daɗe ina buga cacar dawaki ta PMU a Maradi. Sukuwar a Faransa ake yin ta, a filaye irin su Vincennes da Longchamp, mu kuwa muna cike tikiti a nan kusa da babbar kasuwa, bayan mun zauna a fada mun tattauna nauyin mahayi da tarihin kowane doki. Abin da ya fi riƙe ni a cikinta shi ne ranakun da biyu daga cikin dawaki ukun da na zaɓa suka shigo cikin ukun farko, na ukun ya zo na huɗu. A irin wannan rana ba na jin na yi asara, ina jin cewa nazarina daidai ne, kuma gobe kuɗin nawa ne. Abokai ma sukan ƙara mini ƙarfi da cewa, "Wallahi saura ƙiris, kada ka sake shi."

Wani malamin lissafi da muke shan shayi tare ne ya zaunar da ni da alƙalami. Idan dawaki 16 suka fita, kuma aka ƙaddara ƙarfinsu ɗaya, akwai hanyoyi 560 na zaɓen uku ba tare da la'akari da jeri ba. Hanya guda ce kawai take ci, amma 39 daga cikinsu suna ba mutum biyu daidai. Ashe abin da nake ɗauka alamar ƙwarewa hanya ce ta faɗuwa wadda ta ninka ci sau 39, kuma jakar da na zuba ta tafi kamar yadda za ta tafi da ban dace da ko ɗaya ba.

Daga baya na karanta binciken da Luke Clark da abokan aikinsa suka buga a 2009 daga Jami'ar Cambridge, inda suka nuna cewa kusantar ci tana motsa wasu sassan ƙwaƙwalwa da ci na gaskiya yake motsawa, tana kuma ƙara sha'awar sake bugawa idan mutum da kansa ya yi zaɓin. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, domin mu da hannunmu muke rubuta lambobin.

Sai na fara rubuta kowane tikiti a littafi, har da lambar da na soke kafin in biya. Ranar da dokin da na soke ya shigo, nakan kwana ina cewa da ban canza ba da yanzu na sayi babur. Littafin kuwa ya nuna mini cewa yawancin dawakin da na soke ba su yi komai ba, sai dai waɗannan ban taɓa tuna su ba, ban kuma taɓa ba kowa labarinsu a fada ba. Da na tara abin da na zuba a shafi guda, na daina zuwa wurin tikiti, kuma har yau ina kauce wa sauraron sakamakon yamma, domin na san da zarar na ji lambar da na saba bugawa zuciyata za ta koma lissafi.