Layi ɗaya da ya ci min rabin albashi

Jiya na miƙa laftof da makullin ofis, shekara uku da wata biyar kenan ina rubuta manhajar 'yan susu, masu zagayawa karɓar kuɗin ajiyar mutane, a wancan kamfani namu na Nima a Accra, waɗanda suka san ni sun san wajen ba sai na kira suna ba. Tun a tirotiro, motar haya, nake ta juya abin da zan rubuta, duk inda na bi sai na dawo kan wannan Juma'ar ta 2022.

Tsohuwar manhajar da yaren kod na Java aka yi ta, Oga ya ce a sake ta da Flutter, wani kayan aikin haɗa manhajar waya. Wata huɗu ina kai, kullum wayata a jone da kwamfuta, in taɓa kod in ga canji nan take, komai na tafiya sumul. Abin da ban lura ba shi ne Flutter na saka izinin intanet da kansa a sigar gwaji kawai, domin ta nan yake magana da wayar lokacin da kake aiki, amma sigar da za ka ba mutane sai kai da hannunka ka buɗe fayil ɗin AndroidManifest.xml na ainihi, inda ake jera izinin da manhaja ke buƙata, ka rubuta android.permission.INTERNET. Layi ɗaya tak. Kuma Android ba ya tambayar mai waya wannan izinin yadda yake tambayar na kyamara, in ka rubuta ya ba ka shiru, in ba ka rubuta ba ya hana ka shiru.

Na roƙi kwana biyu in gwada a wayoyin masu karɓar kuɗi. Oga ya ce, "Kai Malam, wata huɗu bai ishe ka ba? Kafin a tafi masallaci nake so in gan ta a guruf." Na ce Oga don Allah a bari sai Litinin, ya ce ba da ni ya yi alkawari da mutane ba. Na haɗa APK, fayil ɗin da ake saka manhaja a waya da shi, na tura WhatsApp na tafi Juma'a. To a nan ba zan ɓoye ba, minti biyar ya ishe ni in saka ta a wayata in danna shiga, ban yi ba, haushinsa ya rufe min ido.

Ina fitowa daga masallaci kira goma sha wani abu. Kuma abin da ya fi ƙona min rai har yau ba layin da na manta ba ne, saƙon da na rubuta ne. Duk kuskuren da ya taso na sa manhajar ta ce "Babu netwok, duba datarka". Mutane kuwa suka yarda da ni. Wata Hajiya da ke zagaya kasuwar Mamobi, sa'ar mahaifiyata, sau biyu tana sayen data da MoMo, kuɗin cikin waya, ta cire sim ta goge da mayafi ta mayar, har Circle, wajen masu gyaran waya, ta je wai a duba mata waya, alhali wayarta lafiya lau, WhatsApp ɗinta ma na aiki. Da ta zo ofis ba ta yi faɗa ba, cewa ta yi "ɗana, ni dai masu kuɗi na kallona kamar na ci musu." Gara ta mare ni.

Gyaran bai kai minti goma ba. Ranar Litinin Oga ya tara kowa har da yaran da ke koyon aiki ya ce wasu sun iya turanci amma ba su iya aiki ba, maganar kwana biyun da na roƙa kuwa ko tari bai yi a kai ba, ƙarshen wata na ga rabin albashi. Ban ce komai ba, ina da haya a Madina.

Sauran abubuwan a hankali na tsince su. Waya ta nuna 4G ba ya nufin akwai intanet, data na iya ƙarewa sandunan na nan tsaye, don haka ka taɓa sabarka, kwamfutar da manhajar ke magana da ita ta intanet, ka ji ta amsa kafin ka ce wa mutum komai. Tun Android 6 akwai Doze, tsarin tattalin batir, in an ajiye waya allo a kashe ba a caji sai ya yanke wa manhaja netwok, ga masu tattalin batir na ƙananan wayoyin da mutanenmu ke riƙewa su ma ba sa wasa, kar ka dogara da aikin da ke gudana a ɓoye. Daga Android 9 kuma http tsirara, hanyar tura bayanai ba kariya, ba ya wucewa sai ka buɗe masa da gangan, ka sa https mai kariya ka huta. Kar ka saki komai ran Juma'a, ko wa ya ce.

Bayan abin Hajiya na zauna dare da dare, ba wanda ya sa ni, na mayar da manhajar ta riƙa ajiye kowane karɓi a SQLite, ma'ajiyar bayanai cikin wayar, ta ba shi lamba tasa don kar ya shiga sau biyu, in netwok ya dawo ta tura. Oga ya ce ɓata lokaci ne. Sai ga 14 ga Maris 2024, muna farkon azumi, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, Ghana ta yi tsit kwana da kwanaki. Mutanenmu suka ci gaba da zagayensu kamar ba abin da ya faru, da abu ya daidaita komai ya hau, ko sidi ɗaya bai ɓace ba. A taron da aka yi bayan sallah na ji Oga na gaya wa baƙi wai dama shi ya hango irin wannan tun tuni. Ina gefe ina zuba musu ruwa.

Yaron da zai karɓi aikin na nuna masa komai jiya, har layin, na sa masa alama a samansa da manyan baƙaƙe kar ya taɓa. Ya tambaye ni me ya sa, na ce ya tambayi Oga. Rabin albashin dai har na fito ba a yi maganarsa ba.