Hoton atamfa a waya, dubban turame a sito

Hoto guda ne ya kai ni wannan sana'ar. Wata mata ta ga atamfa a jikin wata a wurin biki, ta ɗauka da waya, ta turo wa wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, ta ce irinta take so su yi anko. Ina shagon a lokacin, na je gyara masa kwamfutar da yake ajiye lissafi. Ya dubi hoton ya ce ya san zanen, ya taɓa sayar da shi, amma ko da saura ko babu sai an duba. Yaran shago biyu suka shiga sito bayan azahar, suna ɗaga dila suna saukewa har aka kira la'asar, ba su gan ta ba. Bayan kwana uku aka ci karo da ita a ƙarƙashin wasu kayan. Matar kuwa tuni ta saya a wani layin.

Na ce masa, "Alhaji, da ana ɗaukar hoton kowane zane ranar da ya shigo, kwamfuta za ta iya wannan neman." Ya ce, "To malam, bismillah. Gani ya kori ji."

Yau mu biyar ne a ɗan kamfanin namu, kuma aikinmu iri biyu ne. Na farko, a ba kwamfuta hoto ta nemo ɗan'uwansa a cikin dubbai. Na biyu, a nuna mata hoto ko bidiyo ta faɗi abin da ke ciki da inda yake, kamar buhu ko mota ko mutum. Mutane kan ɗauka abu ɗaya ne, amma hanyoyinsu daban, kuma kowanne da irin wahalarsa.

Abin da nake fara gaya wa duk yaron da muka ɗauka aiki shi ne kwamfuta ba ta ganin atamfa. Jerin lambobi take gani. A hoto marar kala, kowane ɗigo lamba ce daga 0, wato baƙi ƙirin, zuwa 255, wato fari fat. In ka karkata wayar kaɗan, ko ka matsa kusa, ko gajimare ya rufe rana, duk lambobin sun canza, alhali atamfar tana nan yadda take. Duk binciken da masana suka yi shekara da shekaru a kan wannan fanni, amsar tambaya ɗaya suke nema: mene ne ba ya canzawa in komai ya canza?

Amsar da na fara aiki da ita ta wani malami ce a Jami'ar British Columbia da ke Kanada, David Lowe. Ya fitar da dabarar a 1999, ya cika bayaninta a 2004, ana ce mata SIFT. Maimakon a kwatanta hoto gaba ɗaya, sai a nemi wasu wurare masu shaida, kamar kusurwar ganye ko tsakiyar fure ko inda layi biyu suka gamu. Kamar dai yadda makiyayi ke gane saniyarsa a kasuwa da tabon goshi da lanƙwasar ƙaho, ba sai ya ƙirga gashin jikinta ba. A kowane irin wannan wuri, dabarar tana raba kewayensa gida 16, a kowane gida ta auna ta wace fuska haske ke komawa duhu cikin fuskoki 8. Ka ga lambobi 128 ke nan, su ne shaidar wurin. Tun da ana auna su ne daidai da girman tabon da inda ya fuskanta, ko an juya hoton ko an ɗauka daga nesa, shaidar ba ta gushewa sosai.

Akwai wata hikima ta Lowe da har yau nake jinjina mata. In ka ɗauki tabo daga hoton kwastoma, ka nemo wanda ya fi kama da shi a hoton sito, kada ka yarda nan take. Dubi na biyu a kama. In na farkon bai yi wa na biyun fintinkau ba, watsar da su duka. Ya sa ma'aunin a 0.8, wato bambancin na farko da tabon kada ya wuce kashi 80 cikin ɗari na bambancin na biyu, ya kuma nuna cewa hakan na zubar da kusan kashi 90 cikin ɗari na haɗin ƙarya, ana asarar ƙasa da kashi 5 na haɗin gaskiya.

To a nan atamfa ta ba mu ruwa. Wannan ma'auni ya dace da hoton gini ko bangon littafi, inda kowane lungu daban yake. Ita atamfa maimaici ce. Furen da ke nan shi ne a gaba, shi ne a gaban gaba, har ƙarshen yadi shida. Saboda haka na farko da na biyu a kama kullum tagwaye ne, sai kwamfuta ta zubar da haɗin gaskiya tana zaton ruɗu ne. Makonni muka yi muna zargin kyamara da haske, kafin wata rana na zana haɗin a allo na ga abin da ke faruwa da idona. Maganin ba wani abu mai tsada ba ne: a hoton sito muna yanke zagaye ɗaya tak na zanen, inda bai fara maimaita kansa ba, mu ajiye shi. Da wannan kaɗai aikin ya miƙe. Wannan ranar ce ta koya mini in riƙa duba da wane irin hoto aka gwada dabara kafin in ɗora kasuwar mutane a kanta.

Ko bayan tacewa, haɗin ƙarya ba ya ƙarewa. Sai a kira wata tsohuwar dabara ta 1981, RANSAC, wadda Martin Fischler da Robert Bolles suka fitar a Amurka. Na kan kwatanta ta da alƙali mai sauraron shaidu da yawa, wasu masu gaskiya wasu 'yan ƙarya. Sai ya ɗebi huɗu ba zaɓe, ya ce in maganar waɗannan gaskiya ce, to ga yadda hoton nan ya karkata daga wancan. Sannan ya duba cikin sauran, mutum nawa ne bakinsu ya zo ɗaya da wannan. Ya sake ɗiban wasu huɗun, ya sake, sau ɗaruruwa. Masu gaskiya bakinsu kan haɗu, maƙaryata kowa da inda ya dosa. Sai dai lissafin yana ɗauka cewa abin shimfiɗe yake kamar tabarma. Atamfar da ke jikin mutum kuwa an yanka, an ɗinka, ta naɗe a kafaɗa, ta tattare a ƙugu. Shi ya sa manhajarmu ke roƙon mai nema ya ja yatsa ya zaɓi wurin da ya fi shimfiɗuwa, galibi gaban zani ko bayan riga.

Sai maganar kala. SIFT a hoto marar kala take aiki, don haka zane ɗaya da aka buga shi ja da shuɗi da ruwan ƙwai duk ɗaya ne a wurinta. Da fari na ɗauka aibi ne. Alhaji ne ya nuna mini ba haka ba: in kalar da ake nema ta ƙare, yana so ya ga sauran kalolin zanen ya tallata wa mai saye. Amma masu anko ba sa karɓar kusa, sai ainihin kalar. Yanzu muna fara nemo zanen, sannan mu jera kaloli. Kalar ma ba abin dogara ba ce sosai, don shuɗi a ƙarƙashin fitilar ɗakin biki da shuɗi a rana ba ɗaya suke fitowa ba, ga kuma matse hoton da ake yi in ya ratsa waya zuwa waya.

A shekarun farko ba mu yi amfani da SIFT a kayan sayarwa ba, saboda tana da rajistar mallaka wadda sai a watan Maris na 2020 ta ƙare. Wata dabara irinta mai suna ORB muka riƙe, wadda aka fitar a 2011 kyauta, tana cikin OpenCV, wato wani tarin kayan aikin manhajar sarrafa hoto, ga sauri a ƙaramar waya. Yau muna haɗawa da sababbin hanyoyi. Ragar da aka horar, wato manhajar da ke koyo da kanta daga dubban misalai, tana taƙaita hoto gaba ɗaya zuwa jerin lambobi, mu tsamo 'yan zanukan da suka fi kusa, sannan tsohuwar hanya ta tabo da shaidu ta yanke hukunci. Ragar tana da saurin cewa "wannan ya yi kama da wancan", amma kama ba ita ce ainihi ba, kuma a Kwari zanen asali da kwaikwayonsa kan zauna a layi ɗaya.

Aikin buhu daga Dawanau ya zo. Wani mai sito yana so ya san buhu nawa ya shiga, nawa ya fita, don kullum lissafin malamin ƙofa da na direban tirela ba sa haɗuwa, kuma rigimar kan ƙare a kan 'yan dako. Wannan shi ne ɓangare na biyu, gano abu a hoto, kuma tarihinsa ya yi gudu. A 2001 Paul Viola da Michael Jones suka fitar da hanyar gano fuska cikin sauri. A 2005 Navneet Dalal da Bill Triggs a Faransa suka fitar da ta gano mai tafiya a ƙasa. Duk waɗannan, mutum ne ke tsara wa kwamfuta abin da za ta duba. A 2012 labarin ya juya: a gasar gane hotuna ta ImageNet, ragar da Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da Geoffrey Hinton suka horar a Toronto ta yi kuskure kashi 15.3 cikin ɗari, mai bi mata 26.2. Daga nan aka koma barin kwamfuta ta koyi alamomin da kanta daga misalai. Wata hanya mai suna R-CNN ta 2014 tana yanko wurare kusan 2,000 a kowane hoto ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ga kyau amma ga nawa. Sai Joseph Redmon da abokansa suka zo da YOLO, wadda ke raba hoto gida bakwai tsaye bakwai kwance ta duba sau ɗaya, har hoto 45 a daƙiƙa. Jikokin wannan muke amfani da su.

Amma in ka sauko da irin wannan manhaja yadda take, abubuwa 80 na tarin hotunan COCO ta sani. Ta san raƙumin dawa da jakin dawa da allon wasan ƙanƙara. Ba ta san akuya ba, ba ta san raƙumi ba, ba ta san adaidaita sahu ba, balle buhun riɗi. Dole ka koya mata, kuma koyarwar nan ita ce mafi yawan aikinmu, ko da yake ba wanda ke ganinta. Ƙannena biyu mata da ke aiki tare da mu su ne ke zama suna zana akwati kewaye da kowane buhu a hoto bayan hoto: buhu a kai, buhu a kafaɗa, buhu rabi a bayan ƙyaure, buhu cikin ƙurar hunturu, buhu da magariba. In akwatinsu ya karkace, abin da kwamfuta za ta koya ke nan. Ban taɓa ganin dabarar da ta gyara lakabi marar kyau ba.

Na yi wani kuskure a nan da nake so masu tasowa su kiyaye. Na ɗauki bidiyon yini ɗaya, na yayyanka shi hotuna, na cakuɗa, na ba kwamfuta kaso mafi yawa ta koya, na gwada ta da sauran. Sakamakon ya yi kyau ƙwarai. Ranar da muka kafa kyamara a wani siton, sai ƙirga ta watse. Dalili kuwa, hotunan gwajin 'yan'uwan na koyon ne, tazarar ƙiftawar ido ce tsakaninsu, ƙofa ɗaya, haske ɗaya, mutane ɗaya. Haddacewa ta yi, ba ganewa ba. Na koma wurin mai siton na gaya masa gaskiya, na ce ya ba ni wata guda ba tare da ya ƙara ko kwabo ba. Tun daga lokacin, hotunan gwaji daga wata rana da wani sito suke fitowa, kuma ba mai taɓa su sai ranar awo.

Wata matsalar ta buhu ita ce jingina. Manhajar kan zana akwatuna da yawa a kan abu ɗaya, sai a bar mafi ƙarfi a goge waɗanda suka hau kansa sosai. A tulin buhuna, maƙwabci na gaskiya ma yana hawa kan ɗan'uwansa, sai a goge shi. Saboda haka muka daina ƙirga tuli. Muka ɗaga kyamara sama da ƙofa, muka ja layi a hoton, muna bin kowane buhu har ya tsallake. Malamin ƙofa yana nan da littafinsa, ban taɓa ba da shawarar a sallame shi ba. In lissafinsa da na kwamfuta suka saɓa, sai a buɗe bidiyon wannan lokacin kowa ya gani. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne sau da dama ɗan dako ne bidiyon yake wankewa.

An sha tambayata ko za mu ƙara gane fuska, a san wa ya shiga wa ya fita. Na ƙi, kuma zan ci gaba da ƙi. Binciken Joy Buolamwini da Timnit Gebru na 2018 ya nuna wasu manhajojin kasuwa masu tantance mace ko namiji daga fuska suna kuskure har kashi 34.7 cikin ɗari a kan mata baƙaƙe, alhali a kan maza farare bai wuce 0.8 ba. Redmon kansa a 2020 ya ce ya bar bincike a wannan fanni saboda yadda ake kai shi aikin soja da leƙen sirrin mutane. Ni buhu aka ce in ƙirga, ba zan sa na'ura ta nuna ɗan wani da sunan ɓarawo bisa zato ba.

Abin da ke gabanmu yanzu shadda ce, kuma har yau ba mu gama da ita ba. Zanenta ba bugawa aka yi ba, a saƙa yake, kala ɗaya da jikin yadin, sai haske ya zo ta gefe yake bayyana. In ka haska ta gaba da gaba, ƙyalli ne kawai ke dawowa, tabon shaida ko ɗaya babu. Mun samo kwali babba mun shafe cikinsa da baƙin fenti, mun huda gefe mun sa fitila a ƙasa-ƙasa, muna ɗaukar kowace shadda sau uku muna juya ta. Hoton sito ya fara kyau. Na kwastoma ne ya rage, don shi a jikin ango ake ɗaukarsa, da tsakar rana, bayan an buga ta ta sha sitaci. Ranar Asabar Alhaji zai buɗe sabuwar dila, ya ce mu zo da kwalinmu tun da safe kafin kasuwa ta cika.